Washington: Yadda Sunan Wani Ƙauyen Ingila Ya Zama Na Mutum, Ya Koma Na Birni, Ya Ƙare a Hannun Jikokin Bayi

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba jin an ce Washington ta yi gargaɗi, Washington ta janye tallafi, mahukunta a Washington sun ƙi cewa uffan. A kunnenmu kalmar ta zama wani suna na gwamnatin Amurka kacokan. Wanda ya ɗan zauna a aji zai ƙara da cewa ai birnin ya ci sunan shugaban ƙasar na farko ne, George Washington, mutumin nan da hotonsa ke jikin takardar dala ɗaya. Haka ne. To shi George ɗin a ina ya samo? Wajen mahaifinsa ya gada, mahaifin ya gada wajen nasa, a yi ta bin salsala har wajen shekara 550 baya, inda za a ci karo da wani mutum da ba da wannan suna aka raɗa masa ba. Musayar gona ya yi, sunan ya biyo gonar.

Kafin a kai ga wannan mutum, sai an fahimci yadda Turawan Ingila suka wayi gari da sunan iyali, domin a da ba su da shi. Kafin shekarar 1066 mutumin Ingila suna ɗaya gare shi: Godwin, Wulfstan, Edith. Idan ana so a bambanta shi da takwaransa sai a ƙara masa laƙabi, amma ranar da aka binne shi da laƙabin ake binnewa, ɗansa zai samo nasa. A 1066 ne William, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetaro teku ya ci Ingila da yaƙi, ya raba ƙasar ga jarumansa. Waɗannan hakimai sun zo da wata al'ada: kowa ana kiransa da sunan gandun da ya baro a Faransa, a sa ƙaramar kalmar Faransanci de a gaba, wadda daidai take da “na” a bakinmu. De Percy, de Mandeville, de Montgomery, duk garuruwa ne a Normandi. Tun da gandu gado ne, sunan ma ya zama abin gado. Babban ɗa ya karɓi ƙasa, ya karɓi sunan da ke shaida ƙasar tasa ce.

Talakawa sun ɗauki lokaci kafin su bi sahu, kuma tilas ce ta sa su. Bayan zuwan Normawa sunayen yanka suka taƙaita ƙwarai. Ko'ina ka juya William ne, ko John, ko Robert, Richard, Thomas, kamar yadda idan ka tsaya a bakin masallacin Juma'a ka ƙwala kiran Muhammadu ko Abubakar sai mutum hamsin sun waiwayo. Mai karɓar haraji kuwa ba ya son ruɗani, alƙali ma haka. Dole a san wane John ne ya biya, wane John ne ake bi bashi. Zuwa wajen shekarar 1400 yawancin gidajen kudanci da tsakiyar Ingila sun riga sun sami suna na biyu da ke bin zuriya, arewa ta ɗan makara, mutanen Wales kuma sai can baya sosai. A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin kowace coci ta ajiye littafin da za ta riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, duk wanda aka ɗaura wa aure, da duk wanda aka binne. Abin da ya shiga littafi kuwa ya zauna.

Rijiyoyi huɗu aka ɗebo waɗannan sunaye. Akwai na uba, irin su Johnson, wato ɗan John. Akwai na sana'a: Smith maƙeri ne, Baker mai gasa burodi, Taylor kuwa ba sai an fassara mana ba, daga kalmar muka samo tela. Akwai na siffa, su Long da Short, Dogo da Gajere ke nan. Sai ta huɗu, wadda ta fi kowacce yawan sunaye daban-daban, wato ta wuri.

Sunan wuri shi ma kala biyu ne. Na farko na mutumin da bai je ko'ina ba, yana nan cikin ƙauyensu, sai dai gidansa na kusa da wata alama da kowa ya sani. Na kan tudu ya zama Hill, na bakin rafi Brook, na gefen kurmi Wood, na mashigin ruwa Ford. Wani lokaci har ƙaramar kalmar da ke nufin “a wajen” takan manne da sunan, shi ya sa ake da Atwood, na wajen kurmi. Nash ma haka ya samu: ana cewa atten ash, na gindin wata bishiya mai suna ash, da baki ya gaji da ja sai ya yanke gaban ya bar harafin ƙarshe a manne. Ko a unguwanninmu akwai Malam na Bakin Kasuwa da Hajiya ta Gindin Tsamiya, bambancin kawai namu bai shiga takarda ba.

Kala na biyu shi ne sunan wani gari takamaimai, kuma nan ne abin yake da daɗin tunani. Ba a kiran mutum da sunan gari alhali yana zaune cikin garin, domin sunan ba zai raba shi da kowa ba. Babu mai ce maka Ɗan Kano a Kurmi ko Ƙofar Wambai. Sai ka sauka a Sabo ta Ibadan ko Zangon Kumasi ake laƙaba maka. A Ingila ma hanya biyu ce ke sa sunan gari ya bi mutum: ko dai shi ne mai garin, ko kuwa ya bar garin. Maigida da baƙo, su ne masu ɗaukar sunan wuri. Wannan ne dalilin da ya sa ƙananan ƙauyuka da ko a taswira sai an ƙura ido suka haifar da sunaye masu ɗimbin jama'a, alhali Landan da girmanta ba kasafai ake jin ta a matsayin sunan iyali ba. Shiga Landan ake yi, ba a cika fita daga cikinta a koma ƙauye ba.

Akwai kuma abin da wannan ke nunawa wanda mutane da yawa ke kuskurewa. Mutum biyu masu sunan wuri iri ɗaya ba lallai su haɗa jini ba. Newton, sunan masanin kimiyyar nan Isaac, ma'anarsa Sabon Gari, kuma akwai gomman ƙauyuka masu wannan suna a Ingila. Sutton garin kudu ne, Norton na arewa, Weston na yamma. Wanda ya ce duk Newton dangin juna ne, kamar ya ce duk wanda ya fito daga wani Sabon Gari, na Zariya ne ko na Kano, kakansu ɗaya.

Yanzu mu fasa kalmar Washington mu ga abin da ke ciki. Gaɓa uku ce. Ta ƙarshe, ton, a tsohon Turanci tun ake cewa, kuma asalin ma'anarta shinge. Har gobe 'yar'uwarta a Jamusanci, Zaun, shinge take nufi, a harshen mutanen Holan kuma tuin lambu ne. Daga shinge ma'anar ta koma abin da aka killace, wato gida da gonarsa, daga nan ta zama ƙauye, har ta kai ga kalmar da Turawa ke kiran gari da ita a yau. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, domin tafiyar da kalmar kafi ta yi ke nan a wajenmu. Itatuwa ne ake kafawa a kewaye mazauni saboda mahara, sai ga shi muna da Kafin Hausa a Jigawa da Kafin Madaki a Bauci. Wani zai ji tun ya tuna da tunga, su Tungan Magajiya, ya ce ko daga wajenmu suka ara. A'a, kama da wane ba ta wane ba ce, sautin ne kawai ya yi karo.

Gaɓar tsakiya, ing, tana nuna jama'ar wani ko abin da ke da alaƙa da shi. Aikin da “awa” ke yi mana ke nan a Kanawa, Gobirawa, Agadasawa. Gaɓar farko kuwa yawancin masana sunayen wurare sun tafi a kan sunan wani mutum ne, wasu su rubuta Wassa, wasu Hwaessa, wani maigida daga cikin ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna a Ingila bayan janyewar Rumawa. Idan aka haɗa, da a ƙasar Hausa aka kafa garin, Kafin Wassawa za a kira shi. Sunan da ake kira yau a razana shugabannin ƙasashe, asalinsa dangar wani manomi ce.

Da mutum ya riƙe wannan mabuɗi, sai taswirar Ingila ta fara yi masa magana, har da teburin gasar Firimiya da matasanmu suka haddace. Ham gida ne ko mazauni, don haka Birmingham gidan mutanen Beorma ne, Tottenham gidan Totta. Nottingham a da da harafin S take farawa, gidan mutanen wani Snot, harshen Normawa ne ya kasa furta shi ya yar. Everton gonar aladen daji ce. Chester da ke wutsiyar Manchester daga Latin ta fito, sansanin sojan Rumawa. David Beckham sunan wasu ƙananan ƙauyuka biyu na yankin Norfolk yake ɗauke da shi. Ley fili ne da aka sare a cikin kurmi, saboda haka Bradley faffaɗan fili, Stanley fili mai duwatsu. Inda kuma ka ga suna ya ƙare da by, kamar Crosby ko Kirby, to ka shiga yankin da maharan Denmak suka mamaye a ƙarni na 9, kalmarsu ce ta gona.

Ƙauyen Washington na asali yana arewa maso gabashin Ingila, tsakanin Newcastle da Sunderland, kusa da kogin Wear, a tsohuwar gundumar Durham. Akwai wani Washington ɗin a kudu, a yankin Sussex, amma ba shi ne namu ba. A wancan zamani bishop na Durham ba limamin coci kaɗai ba ne, sarki ne sosai, da kotunsa da dakarunsa da harajinsa. Babban ƙidayar ƙasa da William ya sa aka yi a 1086, wadda ake kira Domesday, ba ta kai Durham ba. Sai a 1183 bishop na lokacin, Hugh du Puiset, ya sa aka bi ƙasarsa gari-gari aka rubuta wa ke riƙe da me, nawa yake biya. Wannan kundi shi ake kira littafin Boldon, kuma a cikinsa ne mutuminmu ya bayyana.

Sunansa William de Hertburn, wato William na Hartburn, wani gari kusa da Stockton wanda ma'anar sunansa rafin barewa. Kundin ya nuna ya sallama wa bishop garin Hartburn, an ba shi Wessyngton a madadinsa, ban da cocin garin da filayenta. Abin da zai riƙa bayarwa fam huɗu ne, sa'an nan idan bishop zai fita babbar farauta, shi ma ya fito da karnukan farauta biyu. Ina son wannan bayani na karnuka biyu, domin yana sauko da labarin ƙasa. Ga mutum nan tsaye da sassafe cikin sanyin arewacin Ingila, igiya biyu a hannu, yana jiran ubangidansa ya hau doki. Tun da Hartburn ta fita daga hannunsa, sunanta ma ya daina yi masa amfani. Daga nan aka koma kiransa William de Wessyngton, 'ya'yansa suka gada.

A nan ne nake ganin duk wanda ke ɗaukar sunan iyali tamkar jini ya kamata ya dakata. Jinin William bai canza ba ranar da aka yi musayar. Da bishop ya ba shi wani gari daban, da babban birnin Amurka wani suna yake amsawa. Da kuma ba a yi musayar ba sam, da yau a rediyo cewa ake yi Hartburn ta yi gargaɗi. Shi kansa Wassa da ya kafa shingen, babu abin da ya haɗa shi da wannan iyali, ya riga su da ɗaruruwan shekaru.

Da Faransanci ya ja baya a fada da kotu cikin ƙarni na 14 da na 15, ƙaramar de ta faɗi daga yawancin sunaye. Faɗuwarta ba ƙaramin abu ba ne: muddin tana nan, sunan bayani ne, yana cewa wane na wuri kaza. Da ta tafi, ya zama suna zalla, mutum na iya ɗauke da shi ko da bai taɓa taka garin ba. Rubutun ma bai tsaya wuri ɗaya ba, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji, Wessyngton, Wessington, Wassington, har aka daidaita a kan wanda muka sani. Wani daga cikin zuriyar, John Wessington, ya shugabanci sufayen babbar cocin Durham daga 1416 zuwa 1446. Hatimin gidan kuwa ratsi biyu ja ne da taurari uku ja a kan farin fili. Shi ne aka mayar tutar birnin Washington a 1938. Ana yawan cewa daga shi aka samo tutar Amurka mai taurari da ratsi, amma wannan zance ne da babu takardar da ta goya masa baya.

Reshen da ya haifi George ya bar ƙauyen tun da wuri, ya bi ta Lancashire, ya gangara tsakiyar Ingila. Lawrence Washington, attajirin fataucin ulu wanda ya yi magajin garin Northampton, ya sayi gandun Sulgrave a 1539, lokacin da Henry na Takwas ya ƙwace kadarorin gidajen sufaye yana sayarwa. Wani jikan gidan, shi ma Lawrence, limamin coci ne a Purleigh cikin Essex. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa, ya tsaya a ɓangaren sarki, aka tsige shi a 1643, ya mutu cikin talauci. Ɗansa John ya ga Ingila ta yi masa ƙunci, ya shiga jirgin fataucin taba zuwa Virginia, cikin Amurka ta yau, a 1656. Jirgin ya kafe a kogin Potomac, John ya zauna, ya auri Anne Pope, surukinsa ya ba su eka 700. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a ranar 22 ga Fabrairun 1732.

Sauran labarin sananne ne. George ya jagoranci yaƙin ƙwatar 'yanci daga Birtaniya, ya zama shugaban ƙasa a 1789. A 1791 aka sa wa sabon babban birnin da ake ginawa a bakin kogin Potomac sunansa, kogin da jirgin kakan mahaifinsa ya kafe a ciki. A 1889 wata jiha a can gaɓar yamma ta shiga tarayya da sunan, ga kuma gundumomi wajen talatin. Sunan da ya tashi daga ƙasa ya hau mutum ya sake sauka ƙasa. Mu ma mun san irin wannan zagaye. Kabara tashar jiragen ruwa ce a bakin Kwara kusa da Tambutu, malamin da ya fito daga can ya zo Kano da sunan, unguwar da ya zauna ta amsa shi, daga bisani Shehu Nasiru Kabara ya ɗauke shi daga unguwar ya kai shi duniya. Bukhara birni ne a ƙasar Uzbekistan ta yau, ya zama nasabar mai tattara hadisai, ya zo mana ya zama sunan yanka, har Najeriya ta yi shugaban ƙasa Buhari. Haka Bradley da Ashley suka zama sunayen yanka a wajen Turawa, mai sunan bai san fili ake kira ba.

Na tuna a ajinmu na firamare Musa huɗu ne. Malam ya buɗe rajista, ya ciji bayan biro, ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa daga ina ubansa ya fito. Uku ya liƙa musu sunayen garuruwansu nan take, na huɗun, da yake ɗan gari ne, aka bar shi da sunan mahaifinsa. Ɗaya daga cikin ukun ko sau ɗaya bai taɓa kwana a garin da aka ba shi ba, amma da sunan ya yi jarrabawa, da shi ya karɓi albashi, da shi 'ya'yansa ke amsa kira yau. Ta irin wannan hanya, ta makarantun zamanin Turawa, muka sami Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari. A ganina muna tsaye ne daidai inda Ingila take shekara 600 da suka wuce, lokacin da laƙabi ke daskarewa yana zama gado. Abin da littafin coci ya yi musu, shi katin ɗan ƙasa da lambar banki da fasfo ke yi mana yanzu. Duk abin da ka cike a wancan gurbi na uku, jikokinka za su ɗauka, kuma da yawanmu a tsaye muke cikewa, a gaban mai kwamfuta, ana jiran layi ya matsa.

Akwai sauran juyi ɗaya a labarin, kuma shi ne ya sa na zaɓi wannan suna a kan Lincoln ko Churchill. George Washington bai haifi ɗa ko ɗaya ba. Amma a ƙidayar Amurka ta shekarar 2000 an sami mutum 163,036 masu sunan Washington, kuma kashi 90 cikin ɗari baƙaƙen fata ne. Babu wani sananne cikin sunayen iyali na ƙasar da ya kai shi wannan kaso.

Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne ai jikokin bayinsa ne. Lalle ya mallaki bayi. Lokacin da ya mutu a Disambar 1799, mutum 317 ne ke bauta a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga ciki mallakarsa ne shi kansa, kuma ya bar wasiyyar a 'yanta waɗannan bayan ran matarsa Martha. Ita kuwa ba ta jira ba, ta sake su a ranar 1 ga Janairun 1801. Sauran, waɗanda yawancinsu dukiyar gidan mijinta na farko ne, suka ci gaba da zama cikin ƙangi. Sai dai 'yan kaɗan ne daga mutanen Mount Vernon aka san sun ɗauki sunan, ba su isa su haifar da wannan adadi ba.

Amsar tana cikin abin da ya faru bayan 1865, da aka haramta bauta. Kusan mutum miliyan huɗu ne suka fito, kuma hukuma ba ta taɓa sanin su da suna ba. A ƙidayar 1850 da ta 1860, bawa layi ne kawai a ƙarƙashin sunan ubangidansa: shekaru kaza, namiji ko mace, launin fata kaza. Sai a ta 1870 aka fara rubuta su da sunayensu. A tsakanin nan kowa ya tsaya gaban wani mai rajista, na soja ko na aure ko na makaranta, aka tambaye shi sunansa na biyu. Wasu sun riƙe na tsohon ubangida, sau da yawa don dangin da aka sayar zuwa nesa su iya gano su. Wasu sun ce Freeman, 'yantacce. Da yawa kuma suka miƙa hannu suka ɗauki suna mafi girma da suka taɓa ji a ƙasar. Ni a wajena wannan ba kwaikwayon Bature ba ne. Mutum ne da aka ce masa shi kaya ne, yake cewa shi ma ɗan ƙasa ne, kuma da sunan uban ƙasar zai shiga littafi.

Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia a 1856, ya ba da labarin tasa ranar da kansa. Yana yaro yana aiki a matoyar gishiri a Malden, ya samu da ƙyar aka bar shi ya shiga makaranta. Da malam ya fara kiran suna, ya lura kowane yaro suna biyu gare shi, wani ma uku, shi kuwa Booker kawai ya sani. Kafin layi ya iso kansa ya yanke shawara, da aka tambaye shi ya ce Booker Washington, kamar da shi aka haife shi. Daga baya ya gano mahaifiyarsa ta raɗa masa Taliaferro tun yana jariri, sai ya saka shi a tsakiya. Wannan yaro ne ya jagoranci makarantar Tuskegee daga 1881. Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Chicago a 1983, da ɗan wasan fim Denzel Washington, duk wannan suna suka gada.

Wasu jikokin bayin sun bi ta wata hanya, suka ce ba za su ɗauki kayan kowa ba. Malcolm Little ya jefar da nasa ya sa harafin X a gurbin sunan kakanninsa na Afirka da aka shafe. Cassius Clay ya ajiye nasa a 1964 ya zama Muhammad Ali. Clay ɗin ma tsohon sunan Ingila ne da ke da alaƙa da ƙasa, yumɓu yake nufi. Ba na ganin ɗayan ɓangarorin biyu ya fi ɗaya gaskiya. Ciwo ɗaya ne, kowa da inda ya ɗaure.

Shi kuwa ƙauyen asali, gidan da iyalin suka zauna ya fita daga hannun zuriyar a 1613. Yankin ya zama na haƙar kwal, tsohon gidan ya lalace har aka yanka shi ɗaki-ɗaki ana ba talakawa haya. A shekarun 1930 wani malamin makaranta na garin, Fred Hill, ya tashi tsaye ya hana a rushe shi. A 1964 aka mayar da Washington sabon garin masana'antu, shugaba Jimmy Carter ya kai ziyara a 1977, kuma duk ranar 4 ga Yuli ana ɗaga tutar Amurka a harabar gidan.

Tsohon rubutun sunan ma bai ɓace ba, ya ɓulla a inda ba a zata ba. A 1796 wani Joseph Washington ya tashi daga Virginia ya kafa gandu a gundumar Robertson ta jihar Tennessee, ya waiwayi asalin gidansu ya sa masa suna Wessyngton. Zuwa 1860 mutum 274 ne ke noma taba a cikinsa a matsayin bayi, kuma bayan 'yanci da yawansu da sunan Washington suka fita. Gandun ya zauna a hannun zuriyar Joseph har 1983, shekara 800 cif bayan magatakardan bishop ya rubuta fam huɗu da karnuka biyu a gaban sunan William na Hartburn.